Yawon Keke a Garuruwan Tudu na Toskana

Gabatarwa

A ƙasar Hausa keke abin biyan bukata ne. A kansa ake ɗora buhun gero a kai kasuwa, shi yaro yake hawa ya tafi makaranta, kuma da zarar mutum ya sami hali sai ya jingine shi ya sayi babur. Saboda haka ɗalibi zai iya yin mamaki idan ya ji cewa a Turai akwai masu mota a ƙofar gida, su bar ta, su ɗauki hutun mako guda su ƙarar da shi suna fama da feda a kan tuddai, rana tana dukansu, kuma da kuɗinsu. Wannan takarda za ta bi ɗaya daga cikin hanyoyin da irin waɗannan matafiya suka fi so, a kudancin lardin Toskana da ke tsakiyar Italiya. Hanyar ta tashi daga San Gimignano, ta ratsa Siyena da Montalcino da Pienza, ta ƙare a Montepulciano. Tsawonta kilomita 120 ne da ɗoriya, gwargwadon inda aka ratse. Mota tana cinye ta a wuni ɗaya har da tsaye-tsaye. Mai keke yakan ba ta kwana huɗu ko biyar.

Kafin mu tashi, ga ɗan taimako game da karanta sunayen. A rubutun Italiyanci “gn” ana furta shi kamar “ny”, “gi” kamar “ji”, “ci” kamar namu na Hausa, “chi” kuwa kamar “ki”. Ke nan San Gimignano a baki San Jiminyano ne, Chianti kuma Kiyanti.

Me ya kai gari kan tudu?

Abin da mai keke yake fara lura da shi a wannan ƙasa shi ne, duk inda zai kwana a sama yake. Yakan wuni yana bin kwari, amma da la'asar, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji, sai ya ɗaga kai ya hango ganuwa da hasumiya can a ƙololuwar tudu, ya san cewa ba shi da abinci ko makwanci sai ya hau. Wanda ke cikin mota bai san an yi hawa ba, ya dai canza giya. Mai keke kuwa tambayar tana zuwar masa ta cinyoyinsa: me ya sa mutane suka bar fili da bakin ruwa suka zo suka gina gari a inda jan ruwa da ɗaukar itace suka zama azaba?

Amsa ta farko tsaro ce. Tun kafin daular Rum, mutanen da ake kira Etruskawa sun kafa biranensu a kan tuddai, irin su Volterra da Cortona. Daga baya, tsakanin ƙarni na 10 da na 12, manoman da ke warwatse suka riƙa tattaruwa a gindin gidajen masu sarauta da aka gina a wurare masu wuyar hawa, aka kewaye su da bango. Daga sama ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, kuma doki da mai sulke ba su da kuzari a hawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san duwatsun Mandara da ke kan iyakar Kamaru da Nijeriya, inda al'ummomi suka yi ta hawa sama don guje wa mahaya dawakai masu farautar bayi.

Amsa ta biyu sauro ne. Wasu kwaruruwan Toskana fadamu ne a da, musamman Maremma ta bakin teku da kwarin Chiana wanda Montepulciano take kallo daga sama. Mutanen lokacin ba su san sauro ke kawo zazzaɓin ba. Sun ɗauka tururin fadama ne, shi ya sa suka kira cutar “mal'aria”, wato muguwar iska, kuma daga nan sunan ya bazu cikin harsunan duniya. Dalilinsu kuskure ne, amma maganin da suka kama ya yi aiki, domin wanda ya kwana a tudu ya fi tsira. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 da cikin na 19 aka janye ruwan kwarin Chiana sosai, kuma sai a 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Italiya ta rabu da cutar.

Lissafin hawa

Ana auna tsayuwar hanya da kaso cikin ɗari. Idan allo ya nuna kashi 8, ma'anarsa a kowace mita 100 da aka ci, hanya ta ɗaga mita 8. A takarda wannan ba ya da yawa. A kan keke mai ɗauke da jakunkuna, kashi 4 mutum yana iya hira da abokinsa, kashi 8 hira ta ƙare, kashi 12 kuwa da yawa sukan sauka su tura. Don haka masu wannan yawo ba sa tambayar kilomita nawa ne kawai, sai sun haɗa da mita nawa za a hau a wunin.

Abin da ya sa hawan yake yiwuwa shi ne giya. (Ɗalibi ya lura: a rubuce kalmar ɗaya ce da giyar sha, kuma a ƙasar da ta shahara da inabi dole a bar jimla ta raba gardama.) Keken da muka saba da shi faranti ɗaya gare shi a gaba, ɗaya a baya, saboda haka ƙarfin da ake bukata a tudu ba ya raguwa. Keken yawo yana da farantai masu haƙora daban-daban, kuma ana matsar da sarƙa daga wannan zuwa wancan. Idan sarƙa tana kan faranti mai haƙora 50 a gaba da mai 11 a baya, juyin feda ɗaya yana juya taya sau huɗu da rabi, keke ya ci wajen mita tara da rabi. Wannan na fili ne da gangare. Idan aka mayar da ita kan 34 a gaba da 34 a baya, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na taya, wato mita biyu da ƴan kai. Aikin hawan bai ragu ba, an dai yanyanka shi ƙanana yadda gwiwa za ta iya ɗauka. Kuskuren sabon shiga shi ne jin kunyar ƙaramar giya, ya yi ta dannawa da ƙarfi har gwiwarsa ta kumbura a rana ta biyu.

Gangare ma yana da nasa haɗari, a ganina ma ya fi hawa. Hanyoyin suna da lanƙwasa masu kaifi, kaya a baya suna tura keke, kuma wanda ya danne birki bai saki ba tun daga sama har ƙasa zai sa shi ya yi zafi ya daina kamawa. Ana matsawa ne ana saki, kuma ana rage gudu kafin a shiga kwana. Sauran guzuri kaɗan ne: hular kwano, famfo, kayan faci, da gorar ruwa biyu. Watannin Afrilu zuwa Yuni da kuma Satumba da Oktoba su ne lokacin tafiya, don a Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35. A ƙananan garuruwa shaguna da yawa sukan rufe daga azahar zuwa wajen la'asar, wanda bai sayi burodinsa da hantsi ba sai ya yi haƙuri.

Daga San Gimignano zuwa Siyena

San Gimignano ana hango ta tun daga nesa saboda hasumiyoyinta. A lokacin da take ganiyarta, a ƙarni na 13 da farkon na 14, an ce sun kai 72. Yau 14 suka rage, mafi tsawonsu Torre Grossa mai mita 54, wadda aka gama a 1311. Manyan gidajen garin ne suka gina su, rabi don kariya idan faɗa ya tashi tsakanin dangi da dangi, rabi don nuna isa. Gasar ta yi tsanani har hukumar gari ta kafa doka a 1255 cewa kada wani ya wuce tsawon hasumiyar gidan hukuma.

Ina ƙaramin gari ya sami kuɗin wannan alfahari? Daga hanya. Babbar hanyar da ta haɗa arewacin Turai da birnin Rum, wadda ake kira Via Francigena, wato hanyar da ta fito daga ƙasar Faransa, ta tsakiyar garin ta bi. A shekarar 990 Sigeric, babban limamin cocin Canterbury a Ingila, ya je Rum, kuma a kan hanyarsa ta komawa aka rubuta zango 79 da ya yada kafin ya kai bakin teku. San Gimignano tana cikin jerin, haka ma Siyena da San Quirico da za mu tarar a gaba. Masu ziyarar ibada da fatake suna bukatar masauki da abinci da canjin kuɗi, garin kuma yana da za'afaran da yake sayarwa har ƙasashen gabas.

Sai annoba ta zo a 1348 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. A 1353 garin ya miƙa wuya ga Fulorans, hanyar kuma ta koma bin kwari ta wajen Poggibonsi. Tun daga nan ba wanda ya sake samun kuɗin rushe tsohon gini ya yi sabo. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe game da yawancin garuruwan nan: talauci ne ya adana su. Abin da baƙo yake biya ya gani yau, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1990, gari ne da arziki ya bari a tsaye yadda yake.

Daga nan hanya tana gangarawa, ta haura, ta kai Monteriggioni. Wannan sansanin yaƙi ne da Siyena ta gina tsakanin 1214 da 1219 don ta tsare kanta daga Fulorans. Bangonsa zagaye ne, tsawonsa wajen mita 570, da hasumiya 14, kuma cikin ƴan mintoci mutum yake ratsa shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Saura kamar kilomita 15 a shiga Siyena.

Siyena tana zaune a kan tuddai uku, kuma babbar matsalarta tun asali ruwa ce. Kishiyarta Fulorans tana da kogin Arno, wanda ya ba ta damar wanke ulu da rina shi da yawa. Siyena ba ta da kogi. Mutanenta sun daɗe suna haƙa suna neman wani kogi da suka yi imani yana gudana a ƙarƙashin gari, har suna suka ba shi, Diana, amma ba a taɓa samunsa ba. Abin da suka yi a maimakonsa ya fi almarar ban mamaki: sun haƙa ramukan ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kusan kilomita 25, waɗanda ke tattara ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa su kai shi maɓuɓɓugan gari. Duk da wannan ƙunci birnin ya yi ƙarfin da ya karya rundunar Fulorans a Montaperti a 1260, kuma a 1339 ya fara aikin faɗaɗa babban cocinsa da niyyar ya zarce na kowa. Annobar 1348 ta tsayar da aikin. Bangayen da aka fara suna nan tsaye ba rufi. Masana tarihi sun ƙiyasta mutanen birnin kafin annobar da wajen dubu 50, kuma yau ma adadin bai wuce haka da yawa ba.

A gidan hukumar birnin, a bakin dandalin Piazza del Campo, akwai zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi a 1338 zuwa 1339 game da amfanin mulkin adalci. Ɓangare guda na zanen yana nuna karkarar da ke bayan ƙofar gari: gonaki a jikin tuddai, manoma, jakuna da kaya, da hanya tana lanƙwasa tana gangarawa. Mai keke ya tsaya ya dube shi da kyau, domin gobe da safe cikin wannan karkara zai shiga, kuma zai gane ta.

Fararen hanyoyi

Kudu da Siyena ƙasa tana canzawa. Itatuwa suna raguwa, sai tuddai masu sulɓi na yumɓu mai ruwan toka, ragowar ƙasan wani teku da ya janye tun miliyoyin shekaru. Ana kiran yankin Crete Senesi. Akwai babbar kwalta, Via Cassia, wadda ta miƙe zuwa Buonconvento, amma motoci sun yi mata yawa. Masu keke sun fi son hanyoyin burji na farar tsakuwa da ake kira “strade bianche”, wato fararen hanyoyi. Da rani ƙurarsu tana mayar da mutum kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Idan an yi ruwa kuma, duk inda tsakuwa ta ƙare yumɓu yakan liƙe wa taya har ta ƙi juyawa.

Waɗannan hanyoyi na manoma ne. Ɗaruruwan shekaru ana noma a Toskana bisa tsarin da ake kira “mezzadria”: mai ƙasa ya ba da gona da gida, iyalin manomi su ba da ƙarfinsu, a raba amfani biyu. Shi ya sa ake ganin gidajen dutse ɗaiɗai a kan kowane ɗan tudu, kowanne da hanyarsa. A shekarun 1950 da 1960 matasa suka gudu zuwa masana'antun birane, a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan, gidaje da yawa suka zama kango. Makiyaya daga tsibirin Sardiniya ne suka zo da tumakinsu suka kama wani ɓangare na ƙasar da aka bari. Har yau garkunan suna nan, da manyan fararen karnuka masu tsaronsu. Idan ɗaya ya taso, dabara ita ce a sauka a sa keke tsakani a wuce a hankali, don gudu a hawa ba ya fid da kowa.

A idon ƙananan hukumomi hanyar burji alamar ci baya ce, kuma sun yi ta shafe su da kwalta ɗaya bayan ɗaya. A 1997 wani mutumin Gaiole in Chianti mai suna Giancarlo Brocci ya shirya wani hawan keke da ya kira L'Eroica, wato ta jarumai, da nufin tuna tseren da, da kuma kare sauran fararen hanyoyin. Mutum 92 suka fito a karon farko. Yanzu dubbai ne suke zuwa daga ƙasashe da yawa a farkon Oktoba na kowace shekara. Sharaɗin shi ne keken ya zama irin na 1987 ko kafin nan, na ƙarfe, da madannin giya a jikin firam. Hanya mafi tsawo kilomita 209 ce, da hawa fiye da mita dubu uku, kuma an kafa mata alluna na dindindin yadda kowa zai iya binta a kowane lokaci, ko da a kwana uku ne. Daga 2007 aka ƙara da tseren ƙwararru, Strade Bianche, wanda ke ƙarewa a dandalin Siyena bayan wani hawa da ya kai kashi 16. Da hanyar burji ta fara kawo baƙi masu kwana da cin abinci, sai masu neman a zuba mata kwalta suka ragu. Doka ta 1985 da ta tsara saukar baƙi a gidajen gona ta taimaka, domin kangayen manoman nan da yawa sun koma masaukai.

Montalcino da kwarin Orcia

Buonconvento a fili take, abin da ba a saba gani ba a wannan tafiya. A nan ne sarkin daular Jamus Henri na 7 ya rasu a 1313. Daga ita zuwa Montalcino kilomita 14 ne kacal, amma ana hawan mita 400 da wani abu, kuma mai kaya ya ware wa wannan awa ɗaya da rabi. Idan ya iso ƙofar sansanin da aka gina a 1361 yana haki, zai fahimci dalilin da ya sa, bayan Siyena ta faɗi a hannun sojojin Sifen da Fulorans a 1555, ɗaruruwan iyalanta suka gudo nan suka ci gaba da riƙe jamhuriyarsu har 1559. A tsakiyar ƙarni na 20 Montalcino gari ne na matalauta. Giyar inabin da ake kira Brunello ce ta juya al'amarinsa, har gonar inabi a jikin tudun ta zama cikin mafi tsada a Italiya.

Daga nan ana gangarawa kwarin kogin Orcia, wanda UNESCO ta amince da shi a 2004, dutsen Amiata mai mita 1,738 yana tsaye a kudu. Wanda ke da sauran ƙarfi ya ratse daga San Quirico zuwa Bagno Vignoni, ƙauyen da a maimakon dandali yake da tafkin ruwan zafi a tsakiyarsa. An hana shiga tafkin, amma a gefen gari ruwan yana bin wata ƴar magudana, kuma nan matafiya suke tsoma ƙafa.

Pienza dabam take da sauran, don ita da gangan aka tsara ta. Ƙauye ce mai suna Corsignano, inda aka haifi Enea Silvio Piccolomini a 1405. Da ya zama Fafaroma Pius na 2 a 1458, sai ya sa magini Bernardo Rossellino ya sake gina tsakiyar mahaifarsa, da coci da fada da dandali, aka yi aikin daga 1459 zuwa 1462, ya kuma sa mata sunansa. Tudun bai isa girman burinsa ba. An tura bayan cocin har bakin gangare, ƙasar wurin kuma ba ta da ƙarfi, tun ba a daɗe ba ginin ya fara tsagewa, kuma wanda ya shiga yau zai ga daɓen ya karkata wajen gaba.

A babban titin Pienza warin cukun tumaki ne yake tarbar mutum, shago bayan shago. A nan ne ya dace a yi tambayar da ba ta da daɗi. Mazauna cikin ganuwar waɗannan garuruwa suna raguwa suna tsufa, gidaje suna komawa ɗakunan haya na kwana biyu, mai gyaran takalmi da mai sayar da ƙusa suna ba masu kayan tsaraba wuri. San Gimignano, wadda mutanenta ba su kai dubu takwas ba, baƙin da ke shigarta a shekara sun haura miliyan. Masu keke suna son su ce su ba sa cikin wannan laifi, kuma suna da ɗan gaskiya: ba sa cika gari da hayaƙi, suna kwana, kuma yunwa tana tsayar da su a ƙauyukan da manyan motocin baƙi ba sa kallo. Amma gadon da suka kwana a kai a cikin ganuwa, wataƙila da na wani ɗan gari ne da haya ta kora zuwa kwari. Keken lantarki ya ƙara yawansu ƙwarai. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade injinsa ga wat 250, kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa, amma wannan ya isa ya kai dattijo ɗan shekara 70 Montalcino ba tare da ya sauka ba. Ban ga abin zargi a nan ba, sai dai wanda inji ya hau da shi ba lalle ya yi tambayar da muka fara da ita ba.

Zango na ƙarshe kilomita 14 ne ko kusa da haka. Montepulciano tana kan mita 605, ita ce mafi tsawo a tafiyar, kuma shiga ƙofar gari ba ya nufin an gama, domin babban titin yana ci gaba da hawa har dandalin Piazza Grande. Yawancin masu keke a nan suke sauka su tura a kan daɓen dutse. Mutanen garin kuwa sun mayar da wannan hawa wasa. Tun 1974, a Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, unguwanni takwas na garin suke gasar da ake kira Bravìo delle Botti: kowace unguwa ta fid da mutum biyu, su gangara ƙasan gari, su turo gangar katako mai nauyin kilo 80 sama, tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, har ƙofar babban coci. Unguwar da ta riga isa ita ke ɗaukar tutar da aka zana domin gasar shekarar.